Tsoho ya tafi: sadakar arba'in da zancen burgami da bindiga

Jikan Mahalbi:
Assalamu alaikum iyaye da ƴan uwa da abokan arziki. Kamar yadda kuka sani Juma'a mai zuwa ce sadakar arba'in ta Tsoho a gida. Ni ina Yamai har yanzu amma in sha Allahu Laraba da asuba zan kama mota, kilomita sama da 500 ba wasa ba ne. Dalilin da ya sa na taso da zancen nan, tun da aka rufe shi nake ta tunani, yarana biyu an haife su nan Bukoki ba su san shi ba sai a hoto ɗaya tak wanda ma ya juya kai don ba ya son a ɗauke shi. Ina so kowa ya faɗi abin da ya tuna in tattara in rubuta. Sai magana ta biyu, burgaminshi da bindigarshi da kan burtu suna nan rataye a ɗaki, Gwaggo ta ce ba mai taɓawa sai an taru. To gara mu fara tattaunawa tun yanzu kar a je a yi ta hayaniya gaban baƙi.

Gwaggo ta Tawa:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah shi jiƙan Baba shi sa ya huta. Ka yi tunani mai kyau. Amma in za ka rubuta ka rubuta daidai, na ji wasu na cewa wai shekara 85 gare shi, ƙarya ta, Baba ya hi 100.

Baba na Abijan:
Amin amin. Yaya ki yi haƙuri 100 kam bai kai ba. Amma 85 ɗin ma ba daidai ba ne, daga kartinshi suka gani, an rubuta wajen 1940. Ni na raka shi ranar da aka yi mishi takardar, mai rubutun ya ɗaga kai ya dube shi sau ɗaya ya ce wannan 1940 ya yi mishi, shi ke nan. Da ya tashi da fara'a ranar da wataƙila 1950 za a sa.

Malamin Lakkol:
Allah ya gafarta wa maƙwabcina. Bari in shigo nan don ni na taɓa zama da shi muka yi lissafin nan da tsinke a ƙasa. Ya faɗa mini da bakinsa cewa lokacin aikin dole na Nasara, da aka kama mahaifinsa aikin hanya, shi ne yake bin sa da gorar ruwa da fura a ka. An soke aikin dole a 1946. Yaron da zai ɗauki gora ya yi tafiyar wuni ai ya kai 10 ko 11. To ku lissafa, haihuwarsa ta faɗa wajen 1935. Kuma ya ce ranar da aka samu mulkin kai, 3 ga Agusta 1960, yana da mata da ɗiya ɗaya a goye, wato ke Hajiya. Duk ya yi daidai. Shekara 90 ko ƙasa da haka kaɗan.

Gwaggo ta Tawa:
Malam kai da lissahinka. To ni ce ag goye ɗin kuma ni na ce ya hi 100.

Auta:
Hhhh Gwaggo idan aka ce ya fi 100 ke ma fa shekarunki za su ƙaru

Gwaggo ta Tawa:
Ke rufe min baki marar kunya, ina uwarki take

Jikan Mahalbi:
To zan rubuta wajen 90, in sa a gefe cewa Gwaggo ba ta yarda ba. A ci gaba.

Baba na Abijan:
Ni abin da ba zan taɓa mantawa ba shekarar El Buhari ce, 1984. Ku yara kuna jin sunan kawai. Damana ta ƙi, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, ga Najeriya ta rufe iyaka tun watan Afrilu ba a shigo da ko tiya ɗaya ta hanyar Ƙonni sai a ɓoye. Maza duk suka watse, wasu Abijan wasu Kamaru, ni ma a shekarar na fita kuma ga ni har yau ban koma ba sai ziyara. Baba ya ce shi ba inda za shi. Gidan nan akwai baki sun fi 20 har da matan ƙannenshi da aka bar mishi da yara. Shanunshi 7 ya kai kasuwar Badagishiri ya saida wasu a kuɗin da yau ba zai sayi tunkiya ba, sauran suka mutu a turke. Kafin in tafi na ga abin da yake yi, sai ya fita tun kafin kiran assalatu ya dawo bayan la'asar da buhun anza a ka da ganyen jiga, wani lokaci zomo ɗaya ko damo. Anza kuwa sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwa ana sake wani kafin ɗacin ya fita. Har gidan tururuwa ya tona ya kwaso tsabar da suka tara. Zomo ɗaya a raba wa mutum 20, romo kawai ake nema yara su samu su haɗiye dawo. Ko mutum ɗaya yunwa ba ta kashe ba a gidanmu shekarar nan, alhali maƙwabta an yi ta binne yara.

Gwaggo ta Tawa:
Gaskiya ta ƙanena. Kuma shi ba ya ci sai kowa ya ƙare, sai shi ce wai ya ci a dawa. Inna ta gane ƙarya shikai ran da ta wanke wandonshi ta ishe ya ƙara huda a mazagi har sau ukku don shi ɗaure ciki. Ta zamna bakin randa tana kuka ba ta bari ya gani ba. Ni na gani.

Jikan Mahalbi:
Subhanallah. Wannan ban taɓa ji ba.

Tsohon Ma'aikacin Daji:
Allah ya jiƙansa. Ni ba dangi ba ne, aiki ya kai ni yankinku ina saurayi, kuma aikina da nasa kamar kura da akuya ne, an hana farauta a lokacin shi kuma mahalbi ɗan mahalbi. Zan faɗi gaskiya ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba a lokacin makoki. Dajin Adar da kuke jin labari, barewa da gada da tuje da zabin daji har da jimina can arewa, ina suke yau? Mahalba suna da hannu a ciki. Farautar gayya da ake yi da rani, gari biyar su fito da karnuka da kulake da ganguna su share daji tun daga nan har can, abin da ya motsa duk a buge, ai ba a barin iri. Jimina yanzu in kana son ganinta a ƙasar nan sai ka je wuraren kiwonta irin na Kelle wajen Gure. Raƙumin dawa a 1996 bai fi 50 ba ya rage a duk yammacin Afirka, can wajen Kure kusa da Yamai, sai da aka tsaya a kansu sosai kafin suka haura 600. In za a rubuta tarihi a rubuta da wannan.

Baba na Abijan:
Ranka ya daɗe da girmanka amma wannan magana ban karɓa ba. Mutum da bindigar toka wadda sai ya ɗura albarushi da tsumma ya danna da sanda, harbi ɗaya sai ya zauna ya sake ɗuri, in damana ce ma ta ƙi tashi, shi ne zai ƙarar da daji? Waɗanda suke zuwa da manyan motoci da dare da fitila mai kashe ido da bindigogin zamani su kwashe barewa 10 a dare ɗaya fa, su ba a ga nasu ba sai na talaka?

Tsohon Ma'aikacin Daji:
Na ga nasu Alhaji, na gani da idona kuma ba ni da ƙarfin tsayar da su, wannan ciwo ne da zan mutu da shi. Ban ce shi kaɗai ba.

Malamin Lakkol:
Ku duka biyu kun bar babban abin. A 1960 mutanen ƙasar nan wajen miliyan 3 ne, yau mun wuce miliyan 25. Inda marigayi yake cewa nan na harbi gada ta farko, yau gonar wake ce, bayanta gonar gero, bayanta wani gari. Dabba ina za ta kwana? Ga farin 1973 da 1974 ga na 1984, itace ya mutu ciyawa ta mutu tabkuna suka ƙafe. Ko ba a harba ko harsashi ɗaya ba da abin ya ragu. Shi kansa yana cewa gatari da hauya sun fi bindiga kisa.

Tsohon Ma'aikacin Daji:
Haka ne Malam. Kuma tunda na fara bari in ƙarasa don kar a ce na zo ɓata mamaci. Shi daban ne da sauran. Ba ya shiga farautar gayya, yana cewa wannan ba farauta ba ce yaƙi ne. Daga saukar ruwan fari har a yi girbi ba ya harbi, ya ce lokacin ciki ne da goyo. Wata rana na yi masa kwanto a bakin wani kwazazzabo don an kai mini tsegumi, tun hantsi ina kwance cikin sabara rana na dukana, can sai na ji an ce daga bayana, yaro ruwanka ya ƙare ko? Na juya ga shi tsugune da kan burtu a goshi, ya fi awa yana kallona ashe. Ba bindiga a hannunsa, ya ɓoye ta inda har yau ban sani ba. Ya ba ni ruwa ya ce in tashi daga nan akwai ramin kububuwa kusa da ƙafata, ya nuna mini sawunta. Daga ranar muka zama abokai, shi ya koya mini sunayen itatuwa da Hausa waɗanda ni a makaranta da Faransanci da Latin na haddace su ban san su a tsaye ba.

Auta:
Don Allah wai kan burtun nan yaya ake amfani da shi? Ni tun ina ƙarama tsoronshi nake ji, in an aike ni ɗakin sai in rufe ido

Jikan Mahalbi:
Ni ya taɓa nuna mini. Kan tsuntsun ne na gaske da bakinshi, an kafa a wani itace mai lanƙwasa an naɗe da fata, sai a ɗaura a goshi da igiya. Mahalbi ya yafa baƙin zane ya durƙusa yana tafiya da gwiwa cikin ciyawa yana sunkuyar da kai yana ɗagawa kamar burtu na kiwo. Namun daji sun saba da burtu ba sa gudunshi, har ka matso kusa. Na gwada a tsakar gida ina ɗan shekara 12, ko taku 20 ban yi ba wuyana ya riƙe, kaji ma ba su ruɗu ba. Ya yi dariya har da hawaye ya ce wannan burtun lakkol ne.

Ɗalibi:
Assalamu alaikum. Allah ya gafarta wa Kaka ya yafe masa kurakuransa. Iyayena ku yi haƙuri ni ƙarami ne amma gaskiya ba ta da ƙarami. Burgamin nan kowa ya san abin da mahalba ke ajiyewa ciki, layu da guraye da su baduhu da layar zana, abubuwan da ake dogara da su ba Allah ba. Shawarata a fitar a ƙone kar wani yaro ya gada, wannan shi ne taimakon da za mu yi masa a kabarinsa. Sannan ita kanta sadakar arba'in ɗin malamai da yawa sun ce ba ta da asali, da kuɗin shinkafar aka haɗa aka gyara rijiyar gari da ya fi masa amfani.

Gwaggo ta Tawa:
Kai yaro. Wanda kake cewa a ƙone kayanshi shi ya yanka ragon sunanka, shi ya saida akuya anka kai ka makarantar da ka koyo wanga karatu. Shekara nawa shina bin liman sahun gaba tun ba a haihi ubanka ba. Ba mai ƙone komi ina da rai.

Ɗalibi:
Gwaggo wallahi ba raini ba ne. Ina son sa ne shi ya sa.

Baba na Abijan:
Arba'in dai za a yi, na riga na aiko da jikka 150 an sayi buhu. Rijiya kuma magana ce mai kyau ba wanda ya ƙi, in ka tashi ka buɗe asusu ni ne na farko. Ɗaya ba ta hana ɗaya.

Malamin Lakkol:
Ɗalibi ka ji ni da kyau. Ba ka san abin da ke cikin jakar ba, ni ma ban sani ba. Ba a yanke hukunci kan abin da ke rufe. A buɗe gaban liman da manyan gida, abin da yake ayar Alƙur'ani a san yadda za a yi da shi cikin mutunci, abin da yake saiwa ce ta magani a tambayi masu sani, in an ga wani abin da bai dace ba liman ya faɗa. Ina ce wannan bai saɓa wa karatunka ba.

Ɗalibi:
Na yarda da wannan Malam.

Ƴar Likita:
Tunda an zo zancen magani bari in sa baki. Mutane da yawa suna cewa Kaka yana da maganin maciji kuma gaskiya ne ana kawo mishi mutane cikin dare daga garuruwa. Amma abin da ban so a manta, tun da na fara aiki ya kira ni ya tambaye ni yadda allurar dafin maciji take aiki, na yi mishi bayani cewa kububuwa dafinta hana jini daskarewa yake, mutum sai ya yi ta zubar jini ta dasashi da fitsari ko da ya ga kamar ya warke kwana biyu. Ya yi shiru ya ce lalle ya ga irin haka, waɗanda suka mutu a hannunshi duk haka suka yi. Daga nan in an kawo mishi wanda kububuwa ta sara sai ya yi tofinshi ya ce maza a ɗaura amalanke a kai likita, har jakinshi yake bayarwa. Kuma ya daina tsagawa da aska. Don Allah duk wanda ya gaji saiwoyin nan ya gaji wannan ma, kar a tsaya jiƙa saiwa mutum na zubar da jini.

Auta:
Ni dai mijina ne ya tafi ya bar ni ba ko kuɗin takaba hhh Allah sarki. Kullum in na je hutu sai ya ce amarya kin zo da goro ko in sake ki. Abin da nake tunawa lokacin da aka kawo shi Yamai aikin ido, sau ɗaya ke nan da ya taɓa zuwa a rayuwarshi. Bayan an buɗe idon, sai Yaya ya ce mu kai shi gidan tarihi na Bubu Hama ya ga namun daji tunda abinshi ne, mu a zatonmu daɗi zai ji. Ya wuce dorina bai ce komi ba don bai san ta ba, ya dubi zaki ya ce wannan ya gaji. Da muka zo kejin kura sai ya tsaya ya riƙe ƙarfen, ya daɗe, kurar na ta kai da kawowa cikin ɗan wurin nan, sai na ji yana mata magana ƙasa ƙasa kamar wanda ya haɗu da ɗan garinsu a tasha. Na matsa na ji yana cewa ke ma nan suka kawo ki? Daga nan ya ce mu tafi gida ƙafarshi na ciwo. A mota bai yi magana ba har muka iso, washegari ya ce a sa shi motar Tawa, likita ya ce a jira sati ɗaya a sake duba idon ya ce idon ya ga abin da zai gani.

Jikan Mahalbi:
Ina tuna ranar. Ni na biya kuɗin shiga ina ta jin kaina na yi abin kirki.

Baba na Abijan:
Shi da birni ai ba sa shiri. Tawa ma sai ranar Lahadi in zai kai kaji kasuwa, kafin azahar ya juyo. Abu ɗaya ne ya taɓa kwanar da shi Tawa, kokowa. 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa ya tafi a ƙasa da ƙafarshi ya kwana uku a gidan wani abokinshi a Bilbis, ya ga Kantu na Maraɗi ya ɗauka, ya dawo yana ta faɗa wai an zo har gida an ci mu. Tun daga nan duk shekara rediyo na kunnenshi, in ɗan Tawa ya faɗi ranar ba mai tambayarshi ko kuɗin cefane.

Malamin Lakkol:
Akwai abin da ba wanda ya ambata kuma a ganina shi ne babban abin da ya bari, gonar fako. Lokacin da aka kawo dabarar tassa yankin Illela da Badagishiri a ƙarshen shekarun 1980, bayan wasu manoma sun je sun gano a Yatenga ta Burkina, mutane da yawa dariya suke yi. Shi ya karɓi wani fako da ko ƙarangiya ba ta fitowa, ƙasa kamar siminti, mai shi ya ba shi kusan kyauta. Rani guda yana haƙa ramuka shi da yara, kowane rami faɗin tafin hannu biyu, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan sama ya tsaya a ramin ya nutse maimakon ya gudu. Shekara ta biyu ya ɗaure damman da suka ba kowa mamaki. Kuma cikin takin akwai ƙwayar gawo da awaki suka ci, sai ga gawo na tsirowa a ramuka, ya hana a cire ko ɗaya. Ku je ku ƙirga su yanzu. Gawo kuwa kun sani da damana yake zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi kore ya ba dabbobi ƴaƴa. Ko a El Buhari da kowa ke sare itace ya kai Tawa ya sayar, shi reshe kawai yake sassabe wa awaki.

Gwaggo ta Tawa:
Guda 43 ne Malam, ni na ƙilga da shi bara. Da ya ji jikinshi ya hwara ƙi ya ce a aza shi amalanke a kai shi can. Munka shimhiɗa mai tabarma ƙarƙashin babban, ya sa hannu cikin ƙasa yana murzawa yana shinshinawa, ya ce shamuwa ta iso? Munka ce ba ta iso ba tukuna. Ya ce in ta zo ku gyara iri kar ku jira ni. Kwana tara tsakani.

Ɗalibi:
Allahu akbar. Itacen da mutum ya dasa ake ci ana shan inuwa ai sadaka ce mai gudana. Allah ya kai masa ladan.

Gwaggo ta Tawa:
To yanzu ka yi magana. Kuma tunda kun dame ni da zancen burgami bari in hwaɗa muku, ni na riga na buɗe shi tun daren ukku, na kasa kwana na shiga na sauko da shi. Laya ukku ce ciki ɗinke da hwata, na aje ma liman. Da ƙyastu da ƙanƙara da ɗan audugar kunna wuta. Da saiwoyi ɗaure ɗaure da ban san kansu ba. Da takardun lanho, wato haraji, tun na zamanin shugaba Diori an naɗe cikin leda, ko ɗaya bai yar ba, wai kar wata rana a ce bai biya ba. Sai wani ɗan ƙullin tsumma can ƙasa, na kwance na ishe munduwa ƴar ƙarama da wuri biyu. Na gane ta. Ta ƙanwarmu ce da ƙyanda ta ɗauka, cikin ukkun da munka rasa a rani guda, ita ce mai bin shi har bakin gari in za shi dawa tana kuka sai ya ɗauko ta ya maido. Ba ta kai shekara huɗu ba. Bai taɓa ambaton sunanta ba tun ran da anka rufe ta, mu muna cewa ya manta.

Baba na Abijan:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya me ya sa ba ki faɗa mini ba da muka yi waya.

Gwaggo ta Tawa:
Bakina bai iya ba. Rubutu ya hi sauƙi, ɗiyata ka rubuta min ina hwaɗi.

Auta:
Gwaggo kin sa ni kuka a cikin aji wallahi

Jikan Mahalbi:
Allah ya haɗa su a aljanna. Munduwar dai a bar wa Gwaggo, ina ga ba mai ja. Saura bindiga.

Tsohon Ma'aikacin Daji:
Shawara ɗaya zan ba ku, kar wanda ya ce zai sa ta a mota ya kai Yamai ko wani wuri don tunawa. Halin da ake ciki yanzu na tsaro, a shingen farko za a sauke ka kuma bayanin cewa ta kakanka ce ba zai fisshe ka da wuri ba. Ko ta toka ce bindiga bindiga ce a wurin doka. Ku sanar da mai gari ya san da ita, ta zauna inda take, ko a cire kunamar a ajiye daban.

Baba na Abijan:
Ta zauna a ɗakin. Dama ba mai iya ɗura ta cikinmu, mu 9 da muka rayu ba wanda ya bi shi dawa, jikoki kuma sun fi 60 kowa da waya a hannu. Kan burtu a ba mai rubutu tunda shi ne burtun lakkol.

Jikan Mahalbi:
Na karɓa Baba hhh. Amma saiwoyin nan fa wa zai faɗa mana sunansu? Malam ko Ranka ya daɗe?

Tsohon Ma'aikacin Daji:
In da ganye ne zan gane, saiwa busassa sai mai ita. Ku nemi abokinsa Bafillacen nan da suke zuwa kamun tarwaɗa Tabalak tare bayan ya aje farauta, in yana da rai.

Gwaggo ta Tawa:
Shina nan da rai, ya zo gaisuwa ran bakwai bisa jaki, ya zamna ƙofar ɗakin Baba bai ce ma kowa komi ba har la'asar ya tashi. Amma kunnenshi ya tahi sai an yi ihu. Ruggarsu na bayan dutsi, in ka zo Alhamis sai yaro shi kai ka da babur. Ka taho mai da sukari da shayi.

Jikan Mahalbi:
To in sha Allahu. Auta ki aro mini abin cajin nan naki mai batir don can ba wuta, ina so in ɗauki muryarshi. Wa ke Yamai da ke son ya aika saƙo gida ya kawo mini Bukoki kafin Talata da dare, amma don Allah ban da buhu, wancan karon sai da na biya kuɗin kaya jikka 4.

Ƴar Likita:
Yaya ina da kwali ɗaya ƙarami na maganin Gwaggo na hawan jini, ba nauyi.

Auta:
Ni ma zan biyo ka in an ba mu hutun Juma'a, ka riƙe min wuri kusa da taga